Sharhi: Wa Ke Da Alhakin Tsare 'Yar Alamar Da Ke Buɗe Fayil Ɗin Ɗalibi Da Na Ma'aikaci?

Duk wanda ya bi ta Sabon Titin Mandawari, ko Tal'udu, ko ya fita ta Ƙofar Kabuga a lokacin da ake rajistar jarrabawa ko ta komawa makaranta, zai tarar da shagunan kwamfuta cike maƙil da samari da 'yan mata, kowa rungume da takardunsa yana jiran layi ya zo kansa. A cikinsu akwai mai neman shiga jami'a, akwai mai biyan kuɗin makaranta, akwai mai neman rancen karatu, har da ma'aikacin gwamnati da ya zo fitar da takardar albashinsa. Da zarar wani ya tashi daga kan kujera sai wani ya zauna, ta yadda kwamfuta guda takan yi wa mutane da yawa aiki kafin a kira sallar Magariba.

Abin da akasarin waɗannan bayin Allah ba su sani ba shi ne, sau da yawa mutum yakan tashi da takardarsa a hannu, amma ya bar wani abu a cikin na'urar wanda ya fi takardar daraja. Wannan abu wata 'yar alama ce da shafin intanet ya ba shi lokacin da ya shiga da sunansa da kalmarsa ta sirri. Masana harkar suna kiran ta kuki, jam'inta kuwa kukis. Muddin alamar tana da rai, duk wanda ta faɗa hannunsa to shafin zai ɗauke shi a matsayin mai fayil ɗin, ba tare da ya sake tambayarsa kome ba.

Idan ɓarna ta auku, an saba ɗora laifin a kan ɗalibin da ya manta bai fita daga shafin ba, ko a kan mai shagon. Ko shakka babu suna da nasu kason. Amma wanda ya duba yadda abin yake aiki zai ga cewa alhakin farko yana wuyan hukumar da ta buɗe shafin, da kuma masu rubuta manhajar da ta ba kwangila, domin su ne ke buga alamar, su ke yanke mata wa'adi, kuma su kaɗai ke da ikon soke ta.

Yadda Aiki Ya Koma Kan Intanet

Shekarun baya, ɗalibi yakan sayi takardar neman shiga jami'a ya cike da alƙalami, ma'aikaci kuma yakan bi fayil ɗinsa daga tebur zuwa tebur a Gidan Murtala ko Sakatariyar Audu Bako. A yanzu kuwa an kwashe mafi yawan wannan hidima an mayar kan intanet. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A wannan shekara ce kuma Gwamnatin Tarayya ta tilasta amfani da asusun bai ɗaya, wanda ya sa biyan kuɗi ga hukumominta ya koma bi ta Remita. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara ne tun 2007, sa'an nan cikin watan Mayun 2024 asusun rancen ɗalibai na NELFUND ya buɗe shafinsa ga masu nema.

Mazauna cikin ganuwa, watau ƙananan hukumomin Birni da Kewaye da Dala da Gwale, ba a bar su a baya ba a wannan sauyi. Sai dai ko da yake wayar hannu ta wadata, jama'a da yawa sun fi son zuwa shago, wasu saboda rashin na'urar buga takarda, wasu saboda rashin wutar lantarki, wasu kuwa saboda tsoron yin kuskuren da zai jawo musu asarar shekara guda. Har ila yau akan sami wanda zai miƙa wa mai shago sunansa da kalmarsa ta sirri ya ce a cike masa. Saboda haka duk shafin da aka tsara bisa zaton cewa kowane mutum yana da kwamfutarsa shi kaɗai a ɗakinsa, to an tsara shi ne don wata ƙasa dabam.

Asalin Alamar

Kafin a gane muhimmancin kuki, sai an san wata ɗabi'a ta ƙa'idar HTTP, wadda da ita ce na'urori ke musayar shafuka. Ɓangarori biyu ne ke magana da juna. Na farko ita ce burauza, watau manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox, wadda ke gaban mai amfani. Na biyu ita ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira sabar ko uwar garke. Burauza takan aika da buƙata, uwar garke ta mayar da amsa, shi ke nan magana ta ƙare. Idan wata buƙatar ta sake zuwa bayan daƙiƙa guda, uwar garke ba ta san cewa daga mutumin ɗazu ta fito ba. Tamkar akawu ne a bakin taga wanda ke manta fuskar mutum da zarar ya juya baya.

Mutanen birni sun daɗe da sanin maganin irin wannan mantuwa. Wanda ya taɓa zuwa Asibitin Murtala ya san cewa ana yanka wa majiyyaci ɗan ƙaramin kati mai lamba ya tafi da shi gida, babban fayil ɗin kuwa yana nan a ɗakin ajiya. Duk ranar da ya dawo sai ya miƙa katin, a duba lambar, a ɗauko fayil. Haka ma mai ajiyar babura a bakin kasuwa yake yi, ya ba mutum lamba, kuma duk wanda ya kawo lambar shi zai tafi da babur.

Wannan dabara ce wani injiniya mai suna Lou Montulli ya shigar cikin burauzar kamfanin Netscape na Amurka cikin shekarar 1994, domin shafukan ciniki su iya tuna kayan da mai saye ya zaɓa kafin ya biya. Sunan kuwa ya samo asali ne daga wani laƙabi da masu rubuta manhaja suka daɗe suna yi wa guntun bayanin da ake ba manhaja ta riƙe ta dawo da shi yadda yake. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idodin intanet, ta fara rubuta dokokinsa cikin 1997, sa'an nan cikin 2011 ta fitar da takardar da ake kira RFC 6265, wadda ta bayyana yadda burauza da uwar garke za su yi mu'amala da shi. Ƙaramin abu ne ƙwarai, galibi ba ya wuce kimanin haruffa dubu huɗu.

Aikin Mai Amsa Buƙata

A cikin uwar garke akwai wani sashe na manhaja da aka ɗora wa karɓar kowace buƙata da mayar da amsarta. Shi ne mai amsa buƙata, kuma shi ne akawun da ke zaune a bakin tagar. Idan ɗalibi ya rubuta sunansa da kalmar sirri ya tura, mai amsa buƙata zai duba kundi ya tabbatar sun yi daidai. In sun yi, sai ya ƙirƙiro wata doguwar lamba, ya rubuta ta a kundinsa a gefen sunan ɗalibin, sa'an nan ya liƙa ta a kan amsar da zai mayar, cikin wani layi mai suna Set-Cookie. Burauza za ta adana lambar, kuma daga nan duk buƙatar da za ta aika wa wannan shafi sai ta haɗa da ita, ba tare da mai amfani ya gani ba.

Abin lura a nan shi ne, bayan shigar farko ba a sake tambayar kalmar sirri. Sauya lambar waya, sauya asusun banki da za a tura ranci ko albashi, sauya darasin da aka zaɓa, duba sakamakon jarrabawa, duk suna iya tafiya bisa ƙarfin wannan lamba kaɗai, sai fa in masu shafin sun yi wani tanadi na dabam. Ko lambar nan da akan turo wa mutum ta waya don ƙarin tabbaci, a bakin ƙofa take aiki. Wanda ya sami alamar ya riga ya wuce ƙofa yana tsakar gida.

Haka kuma a cikin wannan layi guda ne mai amsa buƙata ke gindaya wa burauza sharuɗɗa: yaushe alamar za ta mutu, wa za a nuna wa ita, ta wace hanya za a aika da ita. Sharuɗɗan 'yan kalmomi ne da ba za su ɗauki mai rubuta manhaja rabin sa'a ba. Amma idan bai rubuta su ba shafin zai ci gaba da aiki lami lafiya a idon kowa, a ƙaddamar da shi, a biya ɗan kwangila, ba wanda zai lura da giɓin sai ranar da wani ya bi ta cikinsa.

Inda Ake Samun Ɓaraka

Ɓaraka ta farko ita ce abin da aka rubuta a cikin alamar. Tun da a hannun mai amfani take, yana iya buɗe ta ya karanta, yana kuma iya sauya ta. Idan mai rubuta manhaja ya yi ganganci ya sa lambar rajistar ɗalibi ko lambar fayil ɗin ma'aikaci a matsayin alama, to kowa na iya goge tasa ya rubuta ta maƙwabcinsa. Haka nan idan lambobin suna bin juna a jere, wanda aka ba 501 ya san akwai 502. Dole ne lambar ta zama doguwa, wadda na'ura ta zaɓo ba bisa wani tsari da za a iya hasashe ba, kuma kada a sa kalmar sirri ko matsayin mutum a cikinta. In kuwa lalle sai an sa wani bayani, sai uwar garke ta buga masa hatimin sirri da zai tona asirin duk wanda ya taɓa shi.

Ta biyu ita ce rashin sabunta alamar bayan shiga. Wasu shafukan sukan ba mutum alama tun yana bakin ƙofa, kafin ya rubuta sunansa. Idan bayan ya shiga aka bar shi da ita, to wanda ya riga shi zama a kan kwamfutar, ya kuma kwafe lambar, yana iya komawa gefe ya jira. Da zarar na bayansa ya shiga, tsohuwar lambar ta zama mabuɗin fayil ɗinsa. Maganin abin shi ne a jefar da tsohuwar a buga sabuwa a daidai lokacin da aka tabbatar da mutum.

Ta uku ita ce wa'adi. Akwai alamar da aka yanke wa rana, akwai kuma wadda aka ce ta mutu idan an rufe burauza. Sai dai a shagon da ake layi ba a cika rufe burauza ba, sa'an nan burauzoji na zamani suna da tsarin maido da shafukan da aka bari, wanda kan sa alamar ta rayu har bayan an rufe an sake buɗewa. Saboda haka bai kamata uwar garke ta dogara ga burauza ba. Ita ce ya kamata ta riƙe agogo, ta soke lambar a kundinta idan an ɗauki wasu mintoci ba a yi motsi ba.

Ta huɗu tana tattare da maɓallin fita. Sau da yawa abin da maɓallin ke yi kawai shi ne ya umarci burauza ta share alamar, alhali lambar tana nan da rai a kundin uwar garke. Wannan daidai yake da a yaga katin majiyyaci bayan wani ya riga ya kwafe lambarsa. Fita ta gaskiya ita ce a soke lambar a cikin kundi. Haka kuma idan mutum ya sauya kalmarsa ta sirri, wajibi ne a soke duk alamomin da aka taɓa ba shi, in ba haka ba ɓarawon yana nan zaune a ciki ko da an sauya kwado.

Ta biyar ita ce barin sharuɗɗa uku da aka tanada musamman don tsaro. Na farko, mai suna Secure, yana hana burauza aika alamar sai ta hanyar da aka rufe da sirri, watau adireshin da ya fara da https. Ba kuma za a fake da tsada ba, domin tun ƙarshen 2015 hukumar Let's Encrypt take bayar da takardar shaidar da ake buƙata kyauta. Na biyu, HttpOnly, wanda kamfanin Microsoft ya shigo da shi cikin 2002, yana hana ƙananan umarnonin da ke gudana a cikin shafi karanta alamar, ta yadda ko wani mugu ya cusa nasa umarnin ba zai iya kwashe ta ba. Na uku, SameSite, yana hana burauza miƙa alamar idan wani shafi na dabam ne ya tayar da buƙatar. Amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake yaɗa saƙonnin tallafi na ƙarya a WhatsApp: mutum ya latsa, shafin ƙarya ya aika da umarni zuwa shafin gaskiya da sunansa. Burauzar Chrome ta fara karɓar wannan sharaɗi cikin 2016, kuma cikin 2020 ta mayar da matsakaicin matakinsa ya zama shi ke aiki ko ba a rubuta ba, amma mai hankali ba ya barin tsaron gidansa ga maƙwabci.

Ta shida ta fi shafar manyan makarantu da ma'aikatu, waɗanda ke da shafuka da yawa a ƙarƙashin suna guda. Idan aka faɗaɗa ikon alamar ta game dukkansu, to wani tsohon shafi na wani sashe da aka manta da shi shekara da shekaru yana iya zama kafar da za a bi a kwashe alamomin shafin biyan kuɗi.

Darasi Daga Ƙasashen Waje

Waɗannan abubuwa sun riga sun faru ga waɗanda suka fi kowace ma'aikata a Nijeriya kuɗi da ƙwararru. Cikin watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja a Amurka, Eric Butler, ya fitar da wata 'yar manhaja mai suna Firesheep, wadda ta nuna cewa duk wanda ke kan layin intanet guda da wasu, a wurin da ba a rufe layin ba, yana iya tsintar alamominsu na Facebook da Twitter ya shiga a matsayinsu. Wannan tonon silili yana cikin abubuwan da suka sa manyan kamfanoni suka rufe dukkan hanyoyinsu da sirri.

Cikin 2017 kamfanin Yahoo ya bayyana cewa a shekarun 2015 da 2016 wasu sun koyi yadda yake buga alamominsa, suka buga na jabu, suka shiga asusu kimanin miliyan 32 ba tare da kalmar sirri ba. Sa'an nan cikin watan Afrilun 2023 hukumar FBI ta Amurka tare da 'yan sandan ƙasashe da dama suka rufe wata kasuwar ɓarayi ta intanet mai suna Genesis Market, inda ake sayar da kalmomin sirri da alamomin da aka sato daga kwamfutocin da muguwar manhaja ta kama. Kwamfutar shago, wadda kowa ke soka mata abin ajiyarsa, tana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa da irin wannan cuta.

Ɗaya Fuskar Da Matsayin Doka

Kukis suna da wata fuska ta biyu. Ban da alamar da shafi ke bayarwa don ya gane mai shiga, akwai waɗanda kamfanonin talla da na ƙididdiga ke dasawa ta cikin shafukan wasu, domin su bi sawun mutum daga shafi zuwa shafi su san abin da yake nema. Burauzar Firefox ta fara toshe masu bin sawu cikin 2019, Safari kuma ta toshe irin waɗannan baƙin kukis gaba ɗaya cikin 2020. Kamfanin Google ya yi alkawari cikin 2020 cewa zai kawar da su daga Chrome, amma cikin 2024 ya janye. A Faransa, a farkon 2022, hukumar kare bayanai ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda sun sa ƙin yarda da kukis ya fi yarda wahala.

A nan gida, hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai cikin Janairun 2019. Cikin watan Yunin 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta hau kan kamfanoni da hukumomin gwamnati baki ɗaya. Ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya ɗauki matakan tsare su, ya kuma sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ta ce shirun mutum ba yarda ba ce. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tara tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Cikin watan Agustan 2024 hukumar, a ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji, ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555 da dubu 800, kuma cikin dalilan da ta bayar har da amfani da kukis ba bisa doka ba, ko da yake bankin ya musanta aikata laifi. Cikin 2025 kuma ta fitar da cikakken umarnin aiwatar da dokar, wanda ya tanadi cewa sai an nemi yardar mutum kafin a dasa masa kukis, in ban da waɗanda shafi ba zai yi aiki ba sai da su.

Amma a nan akwai wata tambaya da ta shafi birnin Kano kai tsaye. Sanarwar neman yarda kusan kullum da Turanci take fitowa, alhali a unguwanni irin su Yakasai da Madabo da Ƙoƙi akwai dubban masu ilmi waɗanda karatunsu da Hausa ne ko da Larabci. Wanda ya latsa maɓalli don kawai sanarwar ta kauce masa daga gaba, ko wanda mai shago ya latsa a madadinsa, da wuya a ce ya yarda da saninsa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mataki na farko yana hannun manyan sakatarori da daraktoci da magatakardan makarantu, domin su ke sa hannu a kan kwangilar gina shafuka. Ba sai jami'i ya iya rubuta manhaja ba kafin ya yi tambaya. Ya isa ya sa a rubuta a cikin takardar kwangila cewa alamar shiga za ta ɗauki sharuɗɗan nan uku, za a sabunta ta bayan shiga, za ta mutu bayan ɗan lokaci, kuma maɓallin fita zai soke ta a cikin kundi. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, sai a sa wani masani wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar ya gwada. Yadda ba a karɓar gini sai injiniyan ma'aikatar ayyuka ya duba, haka ya kamata a yi wa shafi.

Na biyu, duk wani sauyi mai nauyi, kamar na asusun banki ko lambar waya, a sake neman kalmar sirri kafin a zartar da shi, a kuma aika wa mai fayil saƙo ta waya. Shafukan da aka san a shago ake buɗe su, a gajarta wa'adin alamarsu, a kuma cire musu zaɓin nan na tuna mai shiga. Shafin gwamnati kuwa ba shi da hujjar ɗaukar kukis na 'yan talla, domin ɗan ƙasa ba shi da wata ƙofar da zai bi in ya ƙi wannan. Inda ake buƙatar sanarwa, a rubuta ta da Hausa.

Na uku ya shafi makarantu. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna yaye matasan da gobe su ne za su rubuta waɗannan manhajoji. Zai kyautu a ce malami ba ya karɓar aikin kammala karatu wanda ke da shafin shiga, sai ɗalibi ya nuna yadda ya tsare alamarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kuma masu shaguna, amana ce a hannunsu. Su riƙa buɗe wa kowane mutum tagar sirri ta burauza, wadda ke share alamomi idan an rufe ta, su kuma rufe ta a gabansa kafin na baya ya zauna. Ɗalibi ko ma'aikaci kada ya tashi sai ya ga an latsa maɓallin fita da idonsa, in kuma ya ba wani kalmarsa ta sirri to ya sauya ta a ranar.

A zamanin da ganuwa take tsaye, kowace ƙofa ta birnin Kano tana da Sarkin Ƙofa, kuma idan wani ya shigo da dare ba baƙon da ya kwana a zaure ake tuhuma ba, mai riƙe da mabuɗi ake tambaya. Hukumomin da suka kwashe fayilolin jama'a suka ɗora a kan intanet su ne ke riƙe da mabuɗi a yau, kuma doka ta riga ta ba ɗan ƙasa damar kai ƙararsu gaban hukumar NDPC. Gara su duba shafukansu tun kafin lokacin rajista mai zuwa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.